Danshi da Gyaran Yaɓen Katanga a Birnin Katsina

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya ratsa unguwannin da ke kewayen Ƙofar Durbi a ƙarshen damina, zai ga katangun gidaje da na lambuna waɗanda yaɓensu ya kumbura, ya ɓamɓare daga gindi. Maƙasudin wannan maƙala shi ne ta bayyana musabbabin wannan ɓarna, da yadda maginan gargajiya ke magance ta.

2.0 Hanyoyin Shigar Danshi

Ta fuska biyu ruwa ke cin katanga. Ta sama, ruwan Agusta yakan daki kanta, ya sami tsaga, ya sulale tsakanin tubali da yaɓe. Hausawa na cewa, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. To, haka ma ruwa. Ta ƙasa kuwa, gindin katanga kan tsotsi laima tare da gishirin da ke cikin ƙasa. Idan laimar ta bushe, sai gishirin ya daskare a bayan yaɓe, ya riƙa tura shi waje. Shi ne farin garin nan da ake gani kamar kanwa.

3.0 Kayan Yaɓe

Maginan Hausa sun san makuba, watau ruwan ɓawon ɗorawa da aka jiƙa, wanda ke ƙara wa yaɓe ƙarfin jure ruwa. Sun kuma san laso, wanda ake haɗawa da katsi daga karofin marina, da gashin jima daga majema, da yauƙin dafara. Ashe ke nan katanga ɗaya ta haɗa magini da marini da majemi. Z. R. Dmochowski ya yi bayanin irin waɗannan kayan aiki cikin littafinsa na gine-ginen gargajiyar Nijeriya, wanda ya fito a 1990.

4.0 Matakan Gyara

Ba a gyara da damina. Akan jira kaka, katanga ta sha iska. Da farko sai a kawar da tushen ruwan: a janye indararo ko kwata da ke zuba kusa, a tayar da ƙasar gindi yadda ruwa zai gangara nesa. Sannan a kankare duk yaɓen da ya yi ƙarar holoƙo in an ƙwanƙwasa. A cike ramuka da kwaɓaɓɓiyar ƙasa mai ciyawa wadda ta kwana biyu tana ruɓa. A yayyafa ruwa, a yi yaɓe marar kauri, a bar shi ya bushe kafin a ƙara wani.

Babban kuskuren zamani shi ne lulluɓe katangar ƙasa da siminti. Siminti ba ya barin laima ta fita, don haka tubali kan jiƙe daga ciki alhali fuskar na nan sumul, har ranar da za ta zube gaba ɗaya.

5.0 Kammalawa

Ginin ƙasa ba ya rayuwa sai da kulawa. Masallacin Jenne na ƙasar Mali, wanda aka sake ginawa a 1907, yana tsaye ne domin mutanen garin na taruwa su yaɓe shi kowace shekara. Hasumiyar Gobarau ma gyara ne ya kawo ta yau, alhali yawancin ganuwar Katsina, da aka daina yi wa aikin gayya, ta zaizaye. Kalmomi irin su laso da katsi da makuba kuwa suna bin sahun sana'ar. Ya kamata ɗaliban harshe su tattara su daga bakin tsofaffin magina tun ana samun masu faɗa.