Siton ƙarfe a zangon Nima

Duk ranar Laraba manyan motoci na sauke buhunan gero, wake, dawa da masara a kasuwar Nima da ke Accra, kayan da suka taso daga Tamale, Bawku da Techiman. Sauke kaya ba wuya, wurin ajiya ne damuwa. A ƙasar Hausa rumbun laka mai jinka ya daɗe da raba wannan gardama, amma Nima da maƙwabciyarta Maamobi ba su da filin rumbu, ga iskar teku mai laima. Shi ya sa aka koma ga mai walda, ya kafa ginshiƙan ƙarfe ya rufa kwano, ko a yanka tsohuwar kwantena daga tashar jiragen ruwan Tema a mai da ita sito.

Ƙarfe na tare ɓera da gara, kuma cikin 'yan kwanaki an gama ginin. Sai dai yana da halinsa. Da rana ya ɗau zafi, da asuba ya yi gumi. Leƙa irin wannan sito da sassafe, za ka ga ruwa na ɗiga daga rufi kan buhun sama, har bakin buhun ya yi baƙi. Masarar da laimarta ta haura kashi 13 cikin ɗari, funfuna na jiranta, ita kuwa funfunar nan tana iya haifar da gubar da ke lalata hanta. Wannan ne ya fi damuna, domin masarar nan ce ake dama koko da ita a ba yara. Dole a bar kafar iska ƙarƙashin rufi, a sa mata raga, a jera buhuna kan katako nesa da bango. Kwano mai arha kuwa, gishirin teku ba ya barin sa ya tsufa, tsatsa ce ke cinye shi.

Sai daɓe. Wanda ya ga ambaliyar 3 ga Yuni 2015 ya san ruwan Accra ba ya sallama. Duk siton da ke kusa da babbar kwatar da ta raba Nima da Maamobi, a ɗaga daɓensa da bulo da siminti ya kai gwiwa.

Gwamnatin tsohon shugaban ƙasa Akufo-Addo ta gina manyan ɗakunan ajiya masu ɗaukar tan 1,000 a gundumomi, amma sun yi wa mai buhu hamsin a zango nisa. A ganina, gara 'yan hatsi su haɗa kuɗi ta ƙungiyarsu, su gina sito ɗaya mai inganci, su sayi na'urar auna laima a ajiye bakin ƙofa.