Jihar Pensilbaniya Da Makarantunta Na Koyon Ciniki

Mutane da yawa sun ɗauka ciniki gado ne: yaro ya tashi a rumfar ubansa, ya koyi awo da lissafi da halin masu saye, shi ke nan. To, a Amurka akwai makarantu cikin jami'o'i waɗanda ba su da aiki sai koyar da juya dukiya da shugabancin kamfani, kuma babban ajinsu ba ya karɓar kowa sai wanda ya riga ya sami digirin farko. Galibi shekara 2 ake yi, a fita da digiri na biyu da ake kira MBA. Mai son sanin asalin wannan al'amari sai ya dubi Jihar Pensilbaniya.

Ita wannan jiha tana arewa maso gabashin Amurka, girmanta wajen murabba'in mil 46,000, mutanenta kuwa miliyan 13 bisa ƙidayar 2020. Sarki Charles na Biyu na Ingila shi ya ba William Penn ƙasar a 1681, a maimakon bashin fam 16,000 da uban Penn ke bin sarautar. Watau tun kafuwarta da lissafin bashi aka soma. Duwatsun Afalashiya sun ratsa ta, sun raba ta biyu. A gabas ga Filadelfiya a bakin kogin Dalawa, inda jiragen teku ke isowa. A yamma ga Fitsbag, inda koguna biyu suka gamu suka zama kogin Ohayo. Tsakaninsu tafiyar mil 300 ce. Allah Ya hore wa ƙasar kwal da tama, kuma a cikinta ne Edwin Drake ya haƙa rijiyar man fetur a 1859. Daga waɗannan albarkatu kuɗin makarantun ya fito.

Joseph Wharton, attajirin ƙarfe na Filadelfiya, bai yi jami'a ba. A ɗakin lissafin 'yan kasuwa ya koyi riƙon littafi. Da ya ga kamfanoni sun yi girman da koyon rumfa ba zai wadatar ba, sai ya ba Jami'ar Pensilbaniya dala 100,000 a 1881, aka buɗe makarantar ciniki ta farko cikin jami'a a Amurka. Amma fa kyautar da sharaɗi ta zo. Ya nemi a koya wa ɗalibai amfanin ɗora kuɗin fito mai nauyi kan kayan waje, abin da ke kare ƙarfensa daga na Ingila. Masu karatu sun san halin mai ba da kuɗi, da wuya ya bar bakinsa a gida. Ajin MBA bai soma a can ba sai 1921, bayan Jami'ar Habad ta riga ta da shekara 13.

Labarin yamma ya fi ban sha'awa. A 1949 William Larimer Mellon, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin man Gulf, ya ba da dala miliyan 6 aka kafa wata makaranta a kwalejin da Andrew Carnegie ya gina a Fitsbag. Malamanta ba su yarda da hanyar ba da labarin yadda wane ya yi arziki ba. Suka ce sai an auna da lissafi, an binciki yadda shugabanni ke yanke shawara a zahiri. Babbansu Herbert Simon ya nuna cewa mai riƙe da ofis ba shi da lokaci ko cikakken sanin da zai zaɓi mafi kyau duka, iyaka dai yakan tsaya kan na farkon da ya wadatar. Duk akawun da ya taɓa zama gaban tulin fayil ya san gaskiya ya faɗa. An ba shi lambar Nobel a 1978, daga baya Franco Modigliani da Merton Miller, waɗanda su ma suka koyar a can, suka samu. Har wa yau, da rahotanni biyu suka fito a 1959 suna sukar raunin karatu a makarantun cinikin ƙasar, salon Fitsbag aka bi wajen gyara.

Akwai wasu, kamar ta Jami'ar Fitsbag, da ta Temple a Filadelfiya, da ta Penn State can tsakiyar duwatsu.

Sai dai duk wannan ilmi bai ceci ƙarfen ba. Kamfanin jirgin ƙasa na Penn Central ya karye a 1970, babbar maƙerar Homestead kuma aka rufe ta a 1986. Fitsbag da ke da mutum fiye da 670,000 a 1950 ta koma wajen 300,000 a 2020. Ba za a ɗora wa malamai laifin duka ba, gama ƙarfen waje ya fi araha, maƙeran kuma sun tsufa. Amma a ganinmu tambayar tana nan. Makarantun dai sun tsira, suka juya ga harkar banki da kwamfuta. A 2004 wani tsohon ɗalibi ɗan Fitsbag, David Tepper, wanda ya yi arziki ta juya kuɗin masu zuba jari, ya ba makarantar Mellon dala miliyan 55, aka sa mata sunansa.