Masu ƙera manhajar da ke ɗauke da kuɗinmu

Daga Ɗan Isa zuwa Jibiya, daga Konni zuwa Illela, ciniki ya canza kama. Ɗan kasuwar da a da yake ɗaure kuɗi a lalita ya hau mota har Kano, yanzu sai ya latsa salula, kafin a gama ɗaure masa dilar atamfa kuɗi sun isa Kantin Kwari. Sai dai masu saurarenmu na gidan rediyo sukan tambaye mu: idan kuɗi suka maƙale a hanya, wa ke warware su? A bayan kowace manhaja, ko MyNita ce ko OPay, akwai ma'aikacin da ba a ganinsa a kasuwa, wato injiniyan manhajar salula.

Aikinsa shi ne rubuta wa waya umarni, layi bayan layi, da harshen da na'ura ke ganewa. Na wayoyin Android an fi rubuta su da Kotlin, na iPhone kuwa da Swift. Shi ke tsara abin da zai faru idan ka taɓa wurin aika kuɗi: a tambaye ka lambar sirri, a nuna maka sunan mai karɓa, sannan a miƙa saƙon ga manyan kwamfutocin kamfani, inda wasu injiniyoyin ke kula da lissafin asusun kowa. Abin da ya rubuta ba ya fita sai wani abokin aikinsa ya bi shi ya duba, domin kuskuren layi guda na iya taɓa aljihun dubban mutane.

Babban abin da ke hana shi barci shi ne katsewar rezo, abin da mu mazauna iyaka muka fi kowa sani. A ce ka aika jikka 500, rezo ya ɗauke, ka ga shiru, ka sake latsawa. Da babu dabara, da an cire maka kuɗi sau biyu. Saboda haka ake bai wa kowane aike lamba tasa, ta yadda idan saƙo ɗaya ya iso sau biyu kwamfutar kamfani za ta gane shi, ta biya sau ɗaya kawai. Lambar nan ce kake gani a jikin rasit, kuma da ita ake bin sawun kuɗi idan an kai ƙorafi. Ke nan kada a goge rasit sai ciniki ya kammala.

Haka nan dole ya gwada aikinsa a kan ƙananan wayoyi irin su Itel da Tecno, waɗanda suka fi yawa a hannun ƴan kasuwa, don kada manhaja ta cika waya ko ta cinye data. Idan an gyara manhaja, akan fara sakin sabuwar ga mutane kaɗan, in ba a ga matsala ba sannan a sakar wa kowa. A manyan kamfanoni ana yin kwanan tsaro bi da bi, domin in abu ya lalace tsakar dare a tashi wani ya gyara.

Idan ba a manta ba, bayan da Babban Bankin Najeriya ya canza takardun naira 200 da 500 da 1000 a ƙarshen 2022, tsabar kuɗi ta yi wuya a farkon 2023. Jama'a suka koma kan waya gaba ɗaya, manhajojin bankuna da dama suka kasa ɗaukar nauyin, ƴan kasuwa suka karkata ga OPay da PalmPay da Moniepoint. Shi kansa Moniepoint injiniyoyi biyu ne suka kafa shi a 2015, Tosin Eniolorunda da Felix Ike, da sunan TeamApt, kuma a Oktoban 2024 darajarsa ta haura dalar Amurka biliyan 1.

Amma ba komai ke hannun injiniya ba. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku sun tsinke a gaɓar Afirka ta Yamma, harkar banki ta tsaya cik a wurare da yawa. Haka batun naira da sefa: kowane kuɗi da babban bankinsa da dokokinsa, shi ya sa har gobe ƴan canji ke da abin yi a bakin iyaka.

Mu ma akwai namu aikin. Kada a saki kaya don an ga saƙon alat ko hoton rasit a wayar mai saye, a buɗe manhaja a ga kuɗi sun shiga. A sauko da manhaja daga Play Store, ban da wadda aka turo ta WhatsApp. Idan ta nemi a sabunta ta a sabunta, don sau da yawa wata kafa ce ta ɓarayi aka toshe. Kuma babu ma'aikacin kamfani na gaskiya da zai kira ka ya nemi lambar sirrinka.

Wani abin dubawa shi ne, galibin manhajojin nan da Faransanci ko Ingilishi suke, alhali da yawa cikin ƴan kasuwarmu ajami suka iya. Wannan giɓi ɗan gida ne zai fi cike shi. Ana koyar da sana'ar a Jami'ar Bayero ta Kano, a Yamai kuma cibiyar CIPMEN na tallafa wa matasa masu kafa irin waɗannan kamfanoni tun 2014. Yaron da ya tashi a rumfar mahaifinsa, ya san bashi da canji da ranar kasuwa, ya riga ya riƙe rabin aikin. Saura iyaye su ba shi dama ya koyo sauran.