Tafiyar ƙasa a bakin teku: abin da ɗan ci rani ya kamata ya sani



An gama girbi, hatsi ya shiga rumbu. Yanzu ne samarin Imanan da na Kurfai suke ɗaure kaya za su ci rani. Wasu Yamai za su tsaya. Wasu kuma sai Kurmi: Kwatano, Lome, Akra, Abijan ko Ikko. Duk waɗannan birane a bakin teku suke. Ƙasarmu Nijar ba ta da teku. Yaron Bonkuku ya san rijiya, ya san tabkin damina, amma bai san ruwan da ba a hangen ƙarshensa ba. Rashin sanin nan yana kashe mutum. Shi ya sa muka kawo wannan bayani. Wanda ya iya karatu ya karanta ma wanda bai iya ba.

Hanyar kakanni

Zuwa Kurmi ba yau aka fara ba. Tun zamanin Nasara mutanen Filinge suke zuwa Gwalkwas, ƙasar da ta zama Gana a 1957. Suna neman kuɗin haraji da na aure da tufafi. Da yawa a ƙasa suka tafi, ƙungiya ƙungiya, kowace da jagoranta.

A 1954 wani Bafaranshe mai suna Jean Rouch ya ɗauki irin wannan tafiya a siliman. Sunan siliman ɗin Jaguar, ya fito a 1967. Samari 3 ne ƴan Nijar suka tashi daga Ayoru: Damure Zika, da Lam Ibrahim makiyayi, da Illo Gaudel masunci. Suka ratsa Dahome, wadda ake kira Benin yanzu, har suka ga teku. Daga nan suka bi rairayin bakin ruwa suka nufi yamma, suka wuce Lome, suka shiga Gwalkwas. Kowa ya nemi aikinsa a Akra da Kumasi. Da suka samu abin da suka samu, suka komo gida tare da tsaraba.

Yadda hanyar take

Daga Filinge zuwa Yamai wajen kilomita 180 ne. Daga Yamai zuwa Kwatano ya fi kilomita 1000. Daga Kwatano zuwa Lome wajen 150. Mai tafiyar kilomita 25 a yini zai yi kwana 6. Daga Lome zuwa Akra kuma wajen 190.

In ka nufi yamma, teku tana hannun hagu. A hannun dama akwai itatuwan kwakwa, bayansu kuma dogayen tafkuna. Za ka tarar da masunta sun jeru suna jan igiyar koma guda, suna waƙa, kamar yadda muke gayya a gona. Wanda ya kama masu ja, sukan ba shi kifin miya.

Kilomita 40 daga Kwatano akwai garin Wida. Nan ne aka riƙa loda bayi a jiragen ruwa ana kai su Amurka da Barazil. Cikin waɗanda aka kai Barazil har da Hausawa. A 1995 aka gina babbar ƙofa a bakin ruwan don kada a manta. Kusa da nan mata suna dafa gishiri daga ƙasar tabki. Aikin ya yi kama da na masu gishirin Foga da masu kanwar Dallol Boso.

Gaba da Wida kogin Mono ya shiga teku, kusa da Garan Popo. A Gana kuma kogin Bolta ya shiga teku a garin Ada. Waɗannan wurare ba a ƙetare su da ƙafa, sai da jirgin masunta.

Teku ba tabki ba ce

Abu na farko: ba a shan ruwan teku. Kowace lita tana da gishiri wajen giram 35, kamar babban cokali 2. Wanda ya sha, ƙishirwa ce za ta ƙaru. Dabba ma ba a ba ta. Ga ruwa har ruwa, amma mutum yana iya faɗuwa don ƙishi.

Abu na biyu: teku tana cika, tana janyewa. Sau 2 take cika cikin yini da dare. Tsakanin cika da janyewa wajen awa 6 ne. Wata ne yake jan ruwan, da ikon Allah. Cikar ta fi ƙarfi lokacin tsayuwar wata da daren 14. Wurin da ka gani busasshe da hantsi, da la'asar yana iya zama cikin ruwa.

Abu na uku shi ya fi haɗari. Igiyar ruwa takan bugo gaɓa, sannan ruwan ya koma ciki da gudu ta wata ƴar hanya. Wurin yakan yi lif, ba kumfa, sai baƙo ya ce nan ne ya fi daɗin wanka. Alhali nan ne ruwa yake jan mutum. Ko gwanin iyo ba ya iya ja da shi. Wanda ruwan ya ɗauka, kada ya yi kokawa da shi. Ya kwanta rigingine a kan ruwa, ya ɗaga hannu ya yi kira. In ya iya iyo, ya bi gefe, tsawon gaɓa, har ya fita daga hanyar ruwan. Na tudu kada su faɗa ciki. Su kira masunta, su jefa igiya ko jarka wadda ba kome a ciki.

Abu na huɗu: teku tana cin ƙasa. A Keta ta Gana ta cinye gidaje da yawa, har aka jera manyan duwatsu don a tare ta. Hanyar da babanka ya bi, yau wani wurin babu ita. Matambayi ba ya ɓata.

Dokokin tafiya tare

1. Ku tafi ƙungiya, ku naɗa jagora wanda ya taɓa zuwa. A ƙidaya mutane safe da yamma.
2. Mai ƙarfi ya bi baya. Tafiya ta marar ƙarfi ce, kada a bar kowa shi kaɗai.
3. Ku tashi da asuba, ku huta in rana ta take, ku ci gaba da la'asar.
4. Ku bi rairayi mai danshi, ya fi tauri. Busasshen rairayi yana cin ƙafa, ku ƴan dallol kun san wannan. Amma ido yana kan ruwa.
5. Kowa da gorarsa ko jarkarsa. A cika ta a kowane gari.
6. Ku sa takalmi. Akwai fasassun kwalabe da ƙayar kifi cikin rairayi.
7. Kada ku kwana a gaɓa, kada ku zauna ƙarƙashin kwakwa mai ƴaƴa. Ku shiga gari, ku nemi zango, ku gai da sarkin zango ko liman.
8. Ku tafi da gidan sauro. Tafkunan can sauro gare su rani da damina.
9. Kada a tara kuɗi wurin mutum ɗaya.

Zancen takardu

Samarin siliman ɗin nan ta bakin ruwa suka zagaye ƴan duwan. Wancan zamani ya wuce. Yau mai zagaye iyaka yana jawo ma kansa kaso da hasarar kaya. Ku bi ta ƙofa: Hilakonji tsakanin Benin da Togo, Aflawo tsakanin Togo da Gana.

Mu tuna baya. A 1969 gwamnatin Gana ta kori baƙin da ba su da takardu. A 1983 Nijeriya ta yi haka. Ƴan Nijar da yawa sun komo hannu wofi. A 2023 an rufe iyakar Gaya da Malanbil. A 2025 Nijar ta fita daga ƙungiyar CEDEAO. Dokar hanya tana sakewa. Kafin ka sayar da akuya don kuɗin mota, je wurin hukuma a Bonkuku ko Filinge ka tambayi wace hanya ce a buɗe, wace takarda ake nema. Ka riƙe katin shaidar ɗan ƙasa da takardar allurar shawara. Ka naɗe su cikin leda, don iskar teku tana da laima.

Nan ne amfanin yaƙi da jahilci yake. Wanda ya yi karatu yana karanta allon gargaɗi a bakin ruwa. Yana rubuta sunayen garuruwa da lambar wayar gida. Yana lissafin canjin sefa da sidi, ba a cuce shi ba.

Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilimi. Gaskiya ne. Amma mai gona ba ya manta watan shuka. Ku tafi tare, ku komo tare, kafin ruwan farko ya sauka a dallol. Allah ya kai ku lafiya, ya maido ku lafiya. Amin.

Daga malamin yaƙi da jahilci, Imanan