Hukuncin Gudun Tilas A Wasan Baseball

Mu da muka tashi da langa a Kagara mun san ruwa bai sha ba sai ya taɓa gida. To, mutanen Amurka suna da wani wasan ƙwallo da kulki, baseball, mai irin wannan ƙa'ida. Filinsa zango huɗu ne, tsakaninsu ƙafa 90, kuma zango guda ba ya ɗaukar mutum biyu. Saboda haka idan mai kulki ya buga, ƙwallo ta taɓa ƙasa, ya sheƙo zangon fari, tilas wanda ke can ya tashi zuwa na biyu. In abokin hamayya ya riga shi taka zangon da ƙwallo a hannu, ya mutu, ko ba a taɓa jikinsa ba. Mutum uku suka mutu, kulki ya koma hannun abokan hamayya. In ta ukun ta tilas ce, cin da aka yi a bugun nan ya rushe.

Ran 23 ga Satumba 1908, Fred Merkle na New York Giants ya ga ɗan'uwansa ya isa gida, ya zaci an gama, ya juya bai taka zango na biyu ba. Johnny Evers na Chicago Cubs ya nemo ƙwallo ya taka. Alƙali Hank O'Day ya ce Merkle ya mutu, aka tashi 1-1. Da aka sake karawa, Cubs suka ci 4-2, suka ɗauke kambu.

Mu da za mu yi wa almajiranmu alƙalancin wasa, sai mu dubi sawun ƙafa, kada sowar 'yan kallo ta ruɗe mu.