Wa Ke Iya Ce wa Sarki A'a?

Mutumin Batsari ya san Sarkin Ruma, na Safana ya san Yariman Katsina, kuma dukansu sun san bisa hakimi akwai Sarkin Katsina. To shi Sarkin fa, wa ke taka masa burki?

Tun zamanin Haɓe Katsinawa suna da amsa. Manya huɗu ke zaɓen sarki: Ƙaura, Galadima, 'Yanɗaka da Durɓi. Ba 'yan amshin shata ba ne. Ƙaura ne shugaban mayaƙa, kuma sarkin da ya ɓata da masu dawaki ba shi da wanda zai tare masa gaba ranar gumurzu. Da jihadi ya kori gidan sarautar Haɓe ya koma Maraɗi, da waɗannan sarautu huɗu ya tafi. Su ma Fulani ba su rushe su a Katsina ba, sai dai suka ƙara wani linzami daga Sakkwato, wanda da shi aka tuɓe Sarki Siddiƙu a 1844.

Manyan Ingila kuwa ta aljihu suka kama nasu sarkin. Sarki John ya sha kashi a Faransa a 1214, bayan ya tatse su da haraji. Suka yi masa tawaye, suka ƙwace birnin Landan, a watan Yunin 1215 suka tilasta masa buga hatimi a takardar da ake kira Magna Carta. Ta ce ba za a ɗora kuɗin yaƙi ba sai da shawarar manyan ƙasa, ba kuma za a ɗaure ɗa ba sai da shari'a. Kada a ɗauka don talaka suka yi. Kansu suke karewa. Ba a yi wata uku ba ma Paparoma ya soke ta.

Amma sarki ba ya rabuwa da bukatar kuɗi. A 1225 Sarki Henry na Uku ya sabunta takardar don a ba shi haraji. A 1265 Simon de Montfort, wanda ya ci Henry da yaƙi, ya kira wakilan gundumomi da na birane zaman shawara, Sarki Edward na Ɗaya kuma ya yi irin haka a 1295. Daga nan majalisa ta samo tushe.

A ganina nan bambancin yake. Zaɓen sarki sai an yi rasuwa ko tuɓewa, wani lokaci shekara talatin ba a zauna ba. Neman haraji kuwa ba ya yankewa, saboda haka zaman Ingila ya yawaita har ya zama doka rubutacciya. Namu ya tsaya a al'ada da ƙarfin masu riƙe da ita. Shi ya sa a 1906 Turawa ba su sha wuya ba wajen sauke Sarki Yero, suka ɗora Muhammadu Dikko, wanda a lokacin shi ne Durɓi, ɗaya daga cikin masu zaɓen.