Dafin Kokwambar Teku da Aduwar Kasuwar Kurmi

Kwanan nan tallar wasu ƙwayoyi ta cika wayoyin mutane, wai da kokwambar teku aka haɗa su, wai suna maganin ciwon daji da ciwon suga. Masu tallar suna fakewa da binciken masana. Binciken akwai shi, amma galibinsa a ɗakin gwaji aka yi, a kan ɓeraye da ƙwayoyin halitta, kuma sinadarin da ake ta yayatawa dafi ne tun asalinsa.

Kokwambar teku dabba ce mai taushin jiki da ke jan ciki a ƙarƙashin teku. Ba ta da gudu, ba ta da ƙaho, sai Allah Ya hore mata wani sinadari mai kumfa a fatarta, dangin safonin, wanda Ross Nigrelli ya raɗa wa suna holoturin a 1952. Yana farfasa jajayen ƙwayoyin jini, kifin da ya shaƙe shi da yawa kuwa sai ya mace. Masuntan wasu tsibiran tekun Fasifik sun daɗe suna matse ta a ruwa don kifi ya bugu su kwashe.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, dangin wannan sinadari yana jibge a Kasuwar Kurmi, kasuwar da Sarki Muhammadu Rumfa ya kafa tun ƙarni na 15. Ka shiga wajen masu sayar da saiwoyi da sassaƙe ka tambayi aduwa. 'Ya'yanta da ɓawonta da saiwarta duk suna ɗauke da safonin, da shi take kare kanta daga ƙwari. Shi ya sa kakanninmu mata suke jiƙa sassaƙenta su yi wanki, ya yi kumfa kamar sabulu. Itacenta kuma da shi ake sassaƙa allon da muka yi karatu a kai.

A 1933 wani likita a Sudan, Robert Archibald, ya nuna cewa 'ya'yan aduwa suna kashe katantanwar ruwa mai ɗauke da ƙwayar cutar tsargiya. A 1964 kuma Aklilu Lemma, ɗan ƙasar Habasha, ya lura da matattun katantanwa a gangaren rafin da mata ke wanki da wani tsiro mai kumfa da suke kira endod. Bai bar abin a nan ba, ya kwashe shekaru yana bin diddiginsa, har aka ba shi lambar yabo ta duniya a 1989. Mu fa? Najeriya na sahun gaba a duniya wajen yawan masu tsargiya. Yaran da ke wanka a kududdufan cikin birni da magudanan noman rani na Kadawa suna fitsarin jini, wasu iyayen ma suna ɗauka alamar balaga ce. Ana raba maganin firazikwantel a makarantu, madalla, amma yaro ya sha yau, gobe ya koma ruwan da katantanwar ke ciki.

Kada wani ya ji wannan ya je ya zazzage buhun aduwa a tafki, don abin da ya kashe katantanwa zai kashe kifi. Sanin ma'auni shi ne aikin, kuma aikin masana ne. Ina Jami'ar Bayero, ina Ma'aikatar Lafiya ta jiha? Me ya hana a zauna da dattawan Kurmi a rubuta abin da suka sani, a ware kududdufi guda a gwada a auna? Tsofaffin da suka san wane sashe ake jiƙawa, na tsawon wane lokaci, suna ta ƙarewa, masu gawayi kuma kullum gatarinsu yana gindin aduwa.